Agogon Motar Suruki

Karo na uku ke nan Sada yana taka totur a kan kwaltar da ta fita daga Makarfi, ido ɗaya a kan hanya, ɗaya a kan ɗan agogon da ya ɗaure a gefen sitiyari, kuma karo na uku agogon ya ƙi yin abin da aka kawo ƙararsa a kai. Jajayen lambobinsa suna zaune lafiya lau. In ya sassauta ƙafa su tsaya a sha huɗu da 'yan kai, in ya danna har turbo ya fara fito su sauko sha biyu su natsu.

"To, ni ka raina ke nan," ya ce wa agogon. "A gabana kai salihi ne, sai ka ga Baba ka tashi bori."

Aikin agogon guda ɗaya ne. Akwai wata sensa da aka ɗaura a jikin bututun salansa, tana shinshina hayaƙin da injin ya fitar, ta gaya wa agogo yawan iskar da ta gauraya da mai. In lamba ta yi sama, iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan. A injin da aka ƙara wa turbo kuwa wannan ba abin wasa ba ne, don kafin mutum ya ce kwabo fistin ya narke. Sada ya taɓa ganin haka da idonsa a garejin da ya koyi aiki a Kaduna, kuma har yau bai manta warin ba.

Da motar wani ce da sauƙi. Amma wannan tsohuwar Fijo mai dogon baya ta Malam Ɗayyabu ce, mahaifin matarsa Ummuhani, wanda shekara ashirin da ita yake ɗauko mazarƙwaila daga Gazara zuwa kasuwar Makarfi. Da injinta ya mutu bara, tsohon ya yi niyyar sayar da ita ga masu gwangwan. Sada ne ya aika Ummuhani ta roƙa a bar masa ita. Wata biyu ya yi a kanta. Ya samo injin ɗan Kwatano, ya haɗa masa turbo don ta riƙa jan kaya ba nishi, ya sa agogon, ya kuma yi bayani kansa a sunkuye cewa duk lokacin da lamba ta wuce sha shida a ɗaga ƙafa. Mutanen gari suka yi ta zuwa kallo. Wasu suka ce yaron nan yana da kai, wasu suka ce za a gani.

To ga shi ana gani. Mako uku ke nan agogon yana hauka a hannun Malam Ɗayyabu, tsohon kuma yana bin umarni, yana tafiya kamar hawainiya, ba ya isa kasuwa sai manyan motocin masu saye sun cika sun tafi.

Yau da hantsi ya sake kawo ta. Sada ya ajiye sifana, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa nesa kaɗan. Aka gaisa, aka tambayi gida da gajiya da zafi da mutanen Gazara, har gaisuwa ta ƙare ba wanda ya dubi wani. Sannan Malam Ɗayyabu ya kalli bishiyar dalbejiyar da ke bakin gareji ya ce mata, "Abin nan dai har yanzu yana ɗan wasa."

"To, Baba."

"Akwai wani a Zariya da ya ce in kai masa ya kwashe kayan nan, ya sa mini irin na da. Na ce a dakata tukuna. Zan shiga kasuwa, in Allah ya kai mu la'asar na biyo."

"Allah ya kai mu, Baba."

Iyakar maganar ke nan, kuma Sada ya fahimce ta sarai. In la'asar ta yi bai gano ba, gobe motar tana Zariya, wani ƙato zai zazzage aikinsa na wata biyu a ƙasa, duk Makarfi ta ji cewa ya ɗauki abincin surukinsa ya yi gwaji da shi. Abin da ya fi wannan ci masa rai shi ne tsoron kada agogon gaskiya yake faɗa, injin yana cin kansa a hankali.

Tambayoyi sun cika masa baki tun makon farko. A ina abin yake farawa? A wace giya? Da sanyin safiya ko in ta yi zafi? Da wani direba ne da ya titsiye shi kamar ɗan sanda, ko ya ce matsa in zauna, ja mu je in gani. Amma wa ya taɓa titsiye suruki? Balle Ummuhani 'yar fari ce, ko sunanta tsohon ba ya kamawa, sai dai ya ce "mutanen gidanka." Shekara huɗu da auren, Sada bai taɓa shan ruwa a gabansa ba, ina kuma ga zama kujera ɗaya, gwiwa na gugar gwiwa.

Ya dawo gareji ya ɗaga bonet, ya sake bin abin da ya riga ya bi sau biyu. Ya kwance filogi huɗun ya jera su a kan tsumma. Da injin yana yunwar mai da bakinsu ya yi fari fat, amma ga su nan launin shayi da madara, yadda ake so. Ya bi wayar agogon daga sitiyari har ƙasa yana murza ta da yatsa ko ta goge a wani wuri. Ya kwance wadda ke kama jikin mota, ya kankare tsatsar wurin har ƙarfe ya yi ƙyalli, ya mayar. Ya auna batir. Ya ciro sensar ya bar ta ta sha iskar waje don agogon ya daidaita kansa, ya ma canza ta da wata da yake ajiye da ita. Daga nan ya tayar da injin, ya toshe bakin salansa da tsumma, ya shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa yana jiran kumfa. Ko ɗaya bai tashi ba.

Ya zauna a kan tsohuwar taya ya rafka tagumi. Ciwon da ba ya zuwa gaban mai magani, ta ina za a kama shi?

Bayan azahar sai ga Mukarrama da kular abinci. Ƙanwar Ummuhani ce, malamar firamare a Gazara, duk ranar kasuwa in ba ta da aji takan biyo mahaifinta ta leƙa yayarta. Ita kaɗai ce a gidan su Ummuhani da Sada ke iya ɗaga ido ya kalla, kuma ita ba ta taɓa raga masa ba.

"Sannu injiniyan duniya," ta ce tana ajiye kular. "Yaya ta ce ka ci, wai tun jiya ba ka sa komai a bakinka ba. Ni kuwa na ce a ƙyale ka, wanda ya mayar da motar Baba jirgin sama ai ya wuce cin tuwo."

"Mukarrama, yau ba ni da ƙarfinki."

"Ai jirgin naka ma ba shi da ƙarfi. Yau jaki ya wuce mu a hanya, wallahi har mai jakin ya yi mana sannu."

Ya yi ɗan murmushin dole. Sai kuma wani abu ya faɗo masa, ya ɗago kai. "Tsaya. Ke kina cikin motar in abin yana yi?"

"A gabana ma yake rawarsa. Har ɗauka na yi a waya don in nuna wa Yaya irin aikin mijinta."

"Kawo in gani."

Ta miƙa masa tana dariya. Ya kare hasken rana da tafin hannu ya ƙura ido. Ga agogon nan kuwa: sha uku, sha tara, sha ɗaya, ashirin da biyu, sai ya ɗauke gaba ɗaya, sai ya dawo. Ya sake kunnawa, wannan karon ya kara wayar a kunne. Injin yana tafiya sumul, ba tari, ba shaƙewa. Injin da ke samun mai yanzu ya rasa anjima ba ya irin wannan muryar. Can ƙasa-ƙasa kuma akwai wani ɗan sauti, tsit, tsit, duk lokacin da motar ta faɗa rami.

A kallo na uku ne ya kai ƙarshen hoton, inda hannun Mukarrama ya goce wayar ta juya baya. Kwalaye da buhuna ne tun daga bayan kujera har rufi, ko tagar baya ba a gani.

"Wannan kayan fa?"

"Wane irin wannan kayan fa? Kayan Baba mana. Da me kake tsammani muke zuwa kasuwa, da gaisuwa?"

"Ni tunda na gama motar nan ban taɓa ganin ko tsinke a cikinta ba."

Mukarrama ta riƙe haɓa. "Au, ba ka sani ba? Ai sai ya sauke kaya tas a kasuwa, ya kai ta wurin masu wanki, a share ciki, a goge danƙon mazarƙwaila, har turare yake fesawa. Yau ma sai da na tsaya rabin awa ina jira. Na ce Baba, gareji fa za a kai ta, ba gidan biki ba. Ya ce ba a kai wa suruki abu da datti."

Sada ya dubi motar. Tana tsaye tana sheƙi, bayanta a ɗage kamar ba ta san wahala ba. Mako uku yana gwada ta wayam a kan kwalta mai santsi, alhali ita rayuwarta kaya ne da ramukan hanyar Gazara. Ya miƙe ko kular bai buɗe ba, ya tsallaka shagon maƙwabcinsa Sama'ila mai hatsi.

"Ara mini buhu bakwai na masara, awa ɗaya."

"Aron masara?" in ji Sama'ila. "Shuka za ka yi ka dawo mini da ita?"

"Nauyinta kawai nake so."

Sama'ila ya girgiza kai, ya ce bakanike dai ba ya rasa abin mamaki, ya kira 'yan dako. Buhu na shiga motar na zama, har ta durƙusa kamar raƙumi. Sada ya tayar da ita, ya bar kwalta ya bi wata hanyar gona mai kwazazzabai a bayan gari. Ramin farko, lamba ta yi tsalle zuwa sha tara. Na biyu, ashirin da ɗaya. Ga kuma sautin nan, tsit, tsit, a ƙarƙashin ƙafarsa. Bai taɓa jin daɗin ganin abu ya lalace kamar yau ba.

Ya dawo ya shimfiɗa kwali, ya shige ƙarƙashinta da fitilar waya, kayan na ciki. Duk kwanakin nan gaba yake dubawa, wurin injin da sensa, don can ne aikinsa yake. Yau ya ja jiki har baya. A inda ya rataye bututun salansa da roba, babu robar. Wani guntun rodi ne a wurin, an yi masa walda, kai ɗaya a jikin bututun, ɗaya kan kuma, maimakon a kama jikin mota, an manna shi da ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya. Wato in aka yi lodi jikin mota ya sauka, ƙarfen tayoyi yana nan inda yake, sai rodin ya tokare bututun ya ɗaga shi sama.

Ya bi bututun da hannu yana komawa gaba har mahaɗar da ke bayan turbo, taƙi ɗaya kafin sensa. Daga ƙasa lafiya take. Ya zura yatsa ta sama, inda ido ba ya kaiwa, ya ji iska mai zafi tana bugunsa, ya fito da yatsan baƙi ƙirin. Bakin mahaɗar ya buɗe kamar kaurin farce. Ta nan iskar waje ke shiga tana rikita sensar, in an faɗa rami ya buɗe, in an fita ya rufe, in an sauke kaya ya koma ya haɗe kamar ba shi ba.

Ashe injin lafiyarsa ƙalau. Iskar Gazara kawai agogon yake shaƙa.

Sada ya saki jiki a kan kwalin ya rufe ido. Wani sanyi ya ratsa shi tun daga ƙirji har yatsun ƙafa. "Alhamdu lillahi," ya ce, ya sake cewa, sai kuma dariya ta ƙwace masa, ya yi ta yi shi kaɗai a ƙarƙashin mota.

Mukarrama ta sunkuyo. "Lafiya? Ko abin ya taɓa kai ne?"

"Wa ya yi wa motar nan walda a baya?"

Ta gyara mayafi. "An ce kada in faɗa."

"Ai rodin ya riga ki faɗa."

"Robar ce ta tsinke mana a hanya, mako uku ke nan, salansa tana jan ƙasa. Baba ya tsaya wurin wani mai walda a bakin hanya ya ɗaure masa. Na ce a gaya maka, ya ce a'a, yaron nan ya sha wahala a kan motar nan, in ya ji wani abu ya tsinke zai ɗauka aikinsa ake kushewa."

Dariyar ta tsaya masa. Ya tuna robar sarai. Tsohuwa ce, ta asalin motar. Ranar da zai ɗaura salansa ya juya ta a hannu ya ga ta fara tsagewa, ya ce za ta ɗan ƙara kwana, don hankalinsa duk yana kan turbo. Kunya ta kama shi, irin wadda ba ta surukuta ba.

Bai ɓata lokaci ba. Aka sauke buhu uku don bututun ya saki, ya yanke rodin, ya goge wurin, ya rataye salansar a jikin mota da sabuwar roba, ya ƙara ta biyu kusa da ita. Ya kwance mahaɗar ya sa sabon gasket mai toshe bakinta, ya ɗaure notocin ɗaya bayan ɗaya. Aka mayar da buhunan. Sai a lokacin ya buɗe kular, ya cinye tuwon a tsaye.

Ana idar da la'asar Malam Ɗayyabu ya iso a ƙafa, da 'yar jakarsa a hammata. Sada ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Tsohon ya ga motarsa a durƙushe da masarar da ba tasa ba, sannan ya ga guntun rodin da aka ajiye a kan bonet. Ya ɗauka, ya juya shi, ya waiwaya wajen Mukarrama. Ita kuwa ta sami abin kallo a sama. Ya mayar da rodin inda yake.

"Baba, injin lafiya yake," in ji Sada, idonsa a ƙasa. "Iska ce take shiga ta wani wuri in an yi lodi. Robar da na bari ce ba ta da kyau, laifina ne. An gyara." Abin da zai faɗa yanzu ya fi kwance injin wuya. "Sai dai ina neman alfarma. Ina so a ɗan zagaya da ita da kayan, ina ciki, in gani da idona."

Sama'ila ya leƙo daga shagonsa. Malam Ɗayyabu ya yi gyaran murya, ya zagaya ya shiga mazaunin direba. Sada ya nufi ƙofar baya, ya buɗe, buhun masara ya tare shi. Yana tsaye yana neman inda zai raɓa, sai ya ji an turo ƙofar gaba daga ciki.

"Baya ta cika," in ji tsohon, yana kallon sitiyari.

Sada ya shiga ya takure a jikin ƙofa, ya haɗa gwiwoyinsa wuri ɗaya. Allah ya taimake su da agogon, don ya ba kowannensu wurin ajiye ido. Suka bi hanyar gonar. Ramin farko, sha huɗu. Na biyu, sha huɗu da 'yan kai. Suka hau kwalta, tsohon yana ta lallaɓa totur yadda ya saba a makonnin nan.

"A taka, Baba," Sada ya ce a hankali.

Malam Ɗayyabu ya taka. Turbo ya yi fito, motar ta miƙe da buhu bakwai kamar ba ta ɗauki komai ba, lamba ta sauko sha biyu ta zauna daram. Iska ta shigo ta taga tana kaɗa masa gemu. Sada bai kalle shi ba, amma ta gefen ido ya ga kumatunsa sun motsa.

Sai da suka juyo tsohon ya yi magana, kuma agogon ya yi wa. "Kai dai ba ka iya rufa wa mutum asiri ba," ya ce masa. Can kuma, da suka kusa gareji: "Mutumin Zariya sai ya nemi wani aikin."

Da ranar kasuwa ta zagayo, Sada yana buɗe gareji da sassafe ya ji fiton turbo daga nesa. Ko motocin masu saye ba su fara isowa ba. Fijon ta taho ta tsaya a bakin dalbejiya, a durƙushe, kaya har rufi, ɓawon rake a maƙale a ƙofa, danƙon mazarƙwaila ya zubo ta bayanta ƙudan zuma suna bi. Sada ya tuɓe takalmi ya durƙusa a gefen taga. Aka gaisa, aka tambayi gida da gajiya da mutanen gidansa.

Malam Ɗayyabu bai kashe injin ba. Ya miƙo ƙullin mazarƙwaila ta taga, yana kallon bishiya.

"Ba abin da ya same ta," ya ce. "Na dai biyo da ita ne ka gan ta yadda take."